Almakashin da Ya Tsallake Bindiga

Dattawan Gusau da suka yi zamanin silima har yanzu fuskarsu kan washe idan aka ambaci fim ɗin kaboyi: malafa, doki, bindiga a ƙugu. An rufe gidajen silima bayan da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da shari'a a 1999, amma kaboyi bai tafi ba. Yana nan a shagon masu tura fim a waya, yaro ya biya 'yan kuɗi kaɗan a loda masa.

Cikin irin waɗannan fina-finai akwai The Outlaw na attajiri Howard Hughes, wanda ya sha rigima a Amurka. An gama shi a 1941, sai Joseph Breen, shugaban masu tace fina-finan Hollywood, ya ce ba zai wuce ba sai an yanke wuraren da rigar jarumar fim ɗin, Jane Russell, ta bayyana ƙirjinta. Aka yi ta ja-in-ja, bai fito ba sai 1943 a San Faransisko. A 1946 ma aka janye masa shaidar amincewa saboda hotunan tallarsa.

To amma wane ne jarumin fim ɗin? Billy the Kid ne, ɓarawon shanu, mai kisan kai, wanda Pat Garrett ya harbe a 1881. Fim ɗin ya wanke shi tas, ya mai da shi kyakkyawan saurayi abin so, har ya bar shi da rai a ƙarshe. Duk hayaniyar shekaru biyar ɗin nan a kan riga aka yi ta.

Mutumin Tsafe ko Bungudu da 'yan bindiga suka kore wa shanu, suka hana shi zuwa gona, ba zai iya kallon ɗan bindiga a matsayin gwarzo ba. Wallahi abin yana ci mini rai in ga yara suna tafa wa irin wannan jarumi.

Mu ma haka almakashinmu ya fi saurin ganin rawa da sutura. Hukumar tace fina-finai ta Kano an kafa ta a 2001, sai a 2021 ta hana nuna garkuwa da mutane da ƙwacen waya a fina-finan Hausa. Kunya abin kiyayewa ce, ban musa ba. Amma iyaye, idan kun karɓi wayar yaro kuna duba ko akwai tsiraici, ku duba har da wanda fim ɗin yake koya masa ya so.