Sunanmu A Littafin Mai Shayi

Littattafai biyu muka wallafa a rayuwarmu, kuma a gidanmu babu wanda ya kai ɗanmu na fari alfahari da su. Shekararsa 10 a lokacin, amma duk abokinsa da ya shigo sai ya ja hannunsa zuwa ɗaki ya nuna masa sunan babansa a bango. Mu ma, ba za mu ɓoye ba, abin yana fasa mana kai. Ashe akwai littafi na uku da sunanmu yake ciki, wanda yaron bai sani ba.

Masu karatu za su tuna halin da aka shiga a farkon shekarar 2023, bayan an sauya fasalin takardun kuɗi na Naira 200 da 500 da 1000. An sa 31 ga Janairu a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, daga baya aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu. Tsofaffin suka koma banki, sababbin kuwa ba su wadata ba. Mutum ga kuɗinsa a asusu, amma ba shi da na sayen gishiri. Mun je cefane Kasuwar Rimi, mai tumatir da mai attaruhu suka ce su ba su san wata taransifa ba, muka dawo gida hannu na dukan cinya.

A wannan hali, mai shayin bakin layinmu ne ya rufa mana asiri. Shi ma ba shi da asusun banki, don haka kullum bayan sallar asuba sai mu biya ta teburinsa mu karɓi burodi biyu da madara da ƙullin sukari, shi kuma ya rubuta da ajami a wani tsohon littafin 'yan makaranta. Uwargida ta sani, yara ba su sani ba.

Wata Asabar da safe, ana ɗan sanyi, muka ce bari mu fita da yaron ya sha shayi a tebur kamar manya. Aka sheƙa masa haɗin kauri, mu kuma muka ce a ba mu kofi. Benci cike yake da maƙwabta da masu adaidaita sahu. Da muka tashi tafiya, mai shayi yana fama da suyar ƙwai, sai ya miƙa wa yaron littafin.

"Ɗan malam, ai kana zuwa makarantar allo. Buɗo mini shafin babanka."

Yaro ya buɗe, ya bi layi da yatsa yana haɗa baƙi, sannan ya ɗaga murya kamar mai biya allo.

"Baba, ga sunanka! Shafinka har uku, ka fi kowa yawa!"

Benci ya kwashe da dariya. Muka ji kamar ƙasa ta tsage mu shige. Abin da ya fi yi mana ciwo shi ne fuskar yaron, domin a take ya gane irin littafin da yake riƙe da shi, ya sunkuyar da kai.

Mai shayi ya sauke kasko, ya karɓi littafinsa, ya ce, "Ɗago kanka, yaro. Ba kowa nake rubutawa a nan ba. Akwai masu manyan riguna a unguwar nan da ko rabin burodi ba zan ba su ba sai na ga kuɗi. Wanda ya kai shafi uku, to an yarda da shi ne."

Ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, kuma bayan 'yan makonni abubuwa suka fara sauƙi. Ranar da kuɗi suka shigo hannunmu, yaron muka ba ya kai da kansa, muka ce ya tsaya har sai an soke shafukan nan uku a gabansa. Ya dawo da burodi ɗaya na gyara, yana tafe yana ɗaga shi.

'Yan'uwa marubuta, musamman masu tasowa, mun kawo wannan ne don mu yi wa kanmu faɗa. Littattafanmu biyu cike suke da gidajen bene da Marsandi da sayayya a Dubai, alhali ba mu taɓa zuwa ba. Mun yi shekaru muna zama a bencin nan, ba mu taɓa tunanin akwai labari a kansa ba, sai da abin ya faɗo kanmu. Magidanci mai kare mutuncin gidansa da burodin bashi, da mai shayi mai auna mutanen unguwa ba da tufafinsu ba, waɗannan mun san su ciki da bai, kuma masu karatunmu ma sun san su.

Yanzu mun fara rubuta sabon littafi, kuma a teburin mai shayi ya buɗe. Mun nemi izinin yaron kafin mu sa labarin. Ya ce ya yarda, da sharaɗin kada mu manta da cewa an biya.

Allah Ya ƙara rufa mana asiri, amin.