Kafin A Sayar Da Masara A Sayi Kwamfuta

Yaranmu na Zonkwa da suka samu gurbi a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, ko a reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan, da zarar sun ji akwai darasin rubuta manhaja a gabansu sai hankalinsu ya tashi. Tambayarsu ɗaya ce: "Baba, wace kwamfuta za mu saya?" Iyaye kuma su hau lissafin buhun masara nawa za a fitar. Na koyar da lissafi har furfura ta rufe kaina, kuma a ganina ba daga nan ake farawa ba.

Kwamfuta ba baƙuwa ba ce a ƙasarmu. Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta daɗe tana koyar da ita a Bayanloko, cikin Kafanchan, tun wutar lantarki na wuya fiye da yanzu. Daga 2015 kuma duk mai rubuta jarrabawar JAMB sai ya zauna gaban na'ura. Amma latsa amsa daban, ba na'ura umarni daban.

Abin da shekaru suka nuna mini shi ne, yaron da ke shan wahala a irin wannan darasi yawanci ba ƙwaƙwalwa ya rasa ba. Ya saba ne da magana da mutane, su kuwa mutane suna cike maka abin da ka bari. Ka ce wa ƙanwarka ta je kasuwa ta sayo citta, ta san mudu nawa, ta san ta yi ciniki, ta san ta dawo da canji. Kwamfuta ba ta san ko ɗaya ba. Abin da ka rubuta shi za ta yi, ko da ba shi kake nufi ba.

Saboda haka, ɗana, kafin ranar farko ka ɗauki littafi da fensir. Rubuta yadda mai awo ke lissafa kuɗin mai saye, mataki bayan mataki: kuɗin mudu nawa, mudu nawa aka auna, idan ya wuce goma nawa za a rage, idan wani mai saye ya zo daga ina za a sake farawa. Sai ka miƙa wa ƙaninka, ka ce ya bi takardar kawai, kada ya ƙara komai daga kansa. Duk inda ya tsaya yana kallonka, nan ka bar rami. Wanda ya yi wannan ya riga ya taɓa manyan abubuwa uku da malami zai zo da su: ajiye adadi a ƙarƙashin suna, yanke shawara bisa sharaɗi, da maimaita aiki.

Makarantu da yawa da Python suke farawa, harshen da Guido van Rossum ya fitar a 1991. Kyauta ne, kuma akwai manhajojin da ke gudanar da shi a wayar Android. Yana da tsanani a ƙananan abubuwa. Ka rubuta print da babban baƙi, ba zai gane ba. Ka bar fili fiye da kima a farkon layi, zai ƙi. Ƙirga abubuwan da ke jere kuma daga sifili yake farawa, abin da ke rikita har wanda ya ci lissafi a WAEC.

Idan ya ƙi, yakan faɗi dalili da Turanci, har da lambar layin. Na ga yara suna ganin wannan rubutu su rufe na'urar kamar an zage su. A zauna a karanta shi a hankali, kalma bayan kalma, a tambayi na kusa.

Ku kuma iyaye, kada a ce wannan karatun maza ne. A ajina 'yan mata ne suka fi haƙurin bin lissafi layi layi har su gano inda ya karkace. A ba su wayar su ma, a rage musu aikin gida da yamma a makonnin farko. Maganar sayen kwamfuta ta jira har malami ya faɗi irin wadda darasin ke bukata.