Kwance bilbirke ba aikin gaggawa ba ne

Na daɗe ina aikin garaji a Maradi, kuma abin da ya fi haɗa mu faɗa da direbobin Hiace na hanyar Zinder shi ne bilbirke, wato sandar nan mai gwiwowi da ke karɓar bugun fistan ta maida shi juyi. In ka ji inji na ƙwanƙwasa daga ƙasa, galibi kusine ne ya cinye, saboda an ƙi yin bidanji kan lokaci, ko an zuba gurɓataccen mai.

Direba zai ce: "Maigida, gobe ina da lodi." To, sai an sauke inji, an tsiyaye mai, an cire kartar da bulan, sannan a kwance murafen biyel da na mazaunin sandar. Kowane murfi ina buga mai lamba, 1, 2, 3, don in aka musanya su, inji ba zai daɗe ba. Daga nan mai turu ya auna, ya rage 0,25 ko 0,50 na milimita, a nemo kusine daidai da wannan awo.

Wanda ya matsa a maida tsohon kusine don ya tsira da jikka kaɗan, shi za ka tarar gefen titi wajen Tessaoua, fasinja na zaune cikin rana. Ɗan'uwa, ba makaniki kwana ukunshi. Allah shi kiyaye hanya.