Dogo da zoben maƙeri

Kafin 1984 babu wanda ya san amfanin tsawon Dogo a Rano, in ban da tsinko mangwaro da miƙa dami bakin rumbu. Sunansa na yanka ya ɓace tun muna firamare. In ya wuce sai yara su bi shi da "dogo da hankali dace ne", shi kuwa ya dinga ranƙwafa kafaɗu kamar mai ba da haƙuri.

A ƙarshen daminar shekarar aka turo wa makarantarmu wani ɗan bautar ƙasa daga kudu. Ya zo da wata ƙwallo mai kaushin fata, da hoton da ya yanko a mujalla: Hakeem Olajuwon, ɗan Legas, wanda ƙungiyar ƙwallon kwando ta Houston Rockets da ke Amurka ta zaɓa a gaban kowa cikin sababbin 'yan wasan shekarar. Mu da ba mu san wata ƙwallo ba sai ta ƙafa, sai muka ga abin kamar wasan 'yan mata: ƙato guda yana tafa ƙwallo a ƙasa!

Maƙeri ya lanƙwasa rodi ya yi mana zobe, kafinta ya ba da ragowar katako, aka ɗaure a jikin wata tsohuwar falwaya. Malam ya kafe sai zoben ya kai ƙafa 10 daga ƙasa, har da awo da igiya. Raga kuwa buhun albasa ne aka farke gindinsa. Zoben ɗaya ne tal, don haka biyar ɗinmu da biyar ɗinsu duk wuri guda muke jefawa. Filin tsakuwa ne, ka buga ƙwallo gabas ta dawo maka ta arewa, kuma da hunturu ya shigo yatsunmu suka tsattsage.

"Malam, in yi tsalle?" in ji Dogo ranar farko.

"Kai miƙa hannu kawai," Malam ya ce da Hausarsa ta 'yan koyo.

Kafin a yi hutu, Dogo ya daina ranƙwafawa. Wannan na gani da idona.

Da wa'adin Malam ya kusa cika, ya taka har zauren mahaifin Dogo. Ya ce a Zariya, a Jami'ar Ahmadu Bello, akwai wani koci Ba'amurke, Oliver Johnson, wanda irin waɗannan yaran yake nema. Dattijon ya saurare shi tsaf, ya sa aka kawo masa fura.

"Malam, Allah ya saka da alheri. To amma wa zai riƙe mini garma?"

A lokacin na ji haushin tsohon ƙwarai. Yanzu da nake ciyar da gida na daina. Farin 1983 da 1984 ya bar rumbuna wayam, a birni ana layin kayan masarufi, ga shi Dogo ne babba a ɗakinsu.

A daidai waɗannan shekarun wani sa'anmu a Zariya, Masai Ujiri, yake koyon wasan a hannun wancan kocin. A 2019 Ujiri yana shugabancin Toronto Raptors ƙungiyar ta ci kofin NBA, babbar gasar wasan a Amurka, karo na farko. Ban ce Dogo zai kai nan ba. Dogaye nawa ne suka je Zariya suka dawo da takalmi kawai? Abin da ke cina shi ne ko gwadawa ba a yi ba, alhali tafiyar ba ta kai ta wuni ba.

Bayan an ci kofin, na haɗu da Dogo a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, gemu ya yi fari, yana tsaye a kan masu lodi. Na nuna masa hoton Ujiri a waya, na ba shi labari. Ya daɗe yana kallo.

"Alhaji, ai wannan bai kai ni tsawo ba," ya ce. Ya miƙo mini wayar, ya sunkuci kwandon da ya gagari yara biyu, ya ɗora a saman mota ba tare da ya yi ɗage ba.