Ɗan Hakin Da Ka Raina

Kawuna manomi ne, tun tasowata ban taɓa ganinsa kwance don ciwo ba. Wata shekara na je gida hutun ƙarshen zango, muna zaune a zaure bayan La'asar, ya miƙe ƙafa yana kankare kaushi, sai na hangi wani baƙin tabo a diddigensa. Na ce, "Kawu, mene ne wannan?" Ya yi dariya ya ce, "Tawadar Allah ce, ɗan boko. Ko ita ma tana cikin littafinku?" Na ja bakina na yi shiru, don ba a ja-in-ja da babba.

Da na koma hutu na gaba, tabon ya yi faɗi, ya fashe, yana tsattsafo da jini. An kai wa wanzami ya tsaga, an shafa wannan, an ɗaura wancan. Sai da kaluluwa ta fito masa a matsematsi ta ƙi faɗawa, sa'an nan aka yarda da asibiti. Likita ya yanki ɗan nama aka auna, ya ce sankarar fata ce da ake kira melanoma, kuma ta riga ta yaɗu a jiki. Kawu bai ga damina ta gaba ba. Allah Ya jiƙansa.

To, 'yan'uwana ɗalibai, a da ina zaton wannan cuta ta Turawa ce masu shanya jikinsu a rana. Gaskiya ne ta fi yawa a cikinsu, domin baƙin fatarmu yana tare mana zafin hasken rana. Amma mu in ta zo, takan ɓuya ne inda rana ba ta kaiwa: tafin ƙafa, tafin hannu, ko ƙarƙashin farce. Mawaƙin nan na Jamaika, Bob Marley, a ƙarƙashin farcen ƙafarsa aka gano ta a 1977, bayan an ɗauka raunin ƙwallo ne. Ita ta yi ajalinsa a 1981, yana da shekara 36.

Abin lura ba shi da wuya. Tabon da ke ƙara girma, ko gefensa ba daidai ba, ko launinsa ya haɗa baƙi da ja da ƙasa-ƙasa, ko faɗinsa ya wuce milimita 6, ko yana zubar da jini. Haka kuma baƙin layi a farce mai ƙara faɗi, ko gyambon da ya ƙi warkewa, duka na likita ne, ba na aska ba. In an cire shi da wuri, galibi an rabu ke nan.

Kada kuma mu manta da 'yan'uwanmu zabiya, waɗanda rana ke jawo musu sankarar fata tun suna samari. Su nemi inuwa daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, su sa malfa da riga mai dogon hannu, su shafa man kare rana mai lamba 50.

Har yau shirun da na yi a zaure yana damuna. Sau biyar kullum muna wanke ƙafa wajen alwala. Mene ne wahala mu ɗaga ta mu duba? In kun je gida hutu, ku dubi ta tsofaffinku ma, ku yi magana cikin ladabi, amma ku yi ta. Allah Ya kiyashe mu, amin.