Wai yayin tsofaffi ya wuce? A tambayi AC/DC

A majalisun samarin Ƙofar Kibo, Zariya, da an ambaci jarumi ko mawaƙin da ya daɗe bai fito ba, sai ka ji an ce, "Ai wannan yayinsa ya wuce!" Anya kuwa?

AC/DC, makaɗan rock na ƙasar Ostareliya, tun 1973 suke sana'ar. Shekara takwas ba su saki sabon faifai ba, sai a Oktoba 2008 suka dawo da Black Ice. A Amurka kantunan Walmart suka ba dillancinsa, suka kuma ƙi sa shi a iTunes. Duk da haka kwafi 784,000 aka saya a makon farko, ya zo na ɗaya a ƙasashe 29. Kiɗan nasu dai shi ne wanda aka saba, ba su canza komai ba, masoya kuma abin da suke jira ke nan.

Wata guda bayan haka Guns N' Roses suka fito da Chinese Democracy. An kashe masa maƙudan kuɗi, amma Axl Rose kaɗai ya rage cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar, salon ma ya sauya. Kwafi 261,000 ya yi a makon farko.