Wayar da ke hana mota aiki ita ake fara yankewa

Duk mai gini a Dogondutsi ko Tibiri ya san kuɗin tifa guda ta yashi, ya san na marmara, amma ba kowa ya taɓa leƙa ƙarƙashin motar ya ga abin da ke ɗaga bodin ba. A jikin akwatin giya akwai wani dunƙulen ƙarfe da makanikai ke kira priz da fors, wasu su ce PTO. Shi ke ɗiban ƙarfin inji daga haƙoran giya ya miƙa wa famfon mai, famfo ya tura mai cikin jak, jak ya ɗaga bodi, kaya su zube. A tsofaffin Berliet da Marsandi da hannu ake sa shi: ka taka kuloci, ka ja sanda. Yawancin motocin da ke shigo mana yanzu kuwa maɓalli ne a gaban direba. Wuta ta buɗe ɗan bawul, iska ta tura haƙori ya shiga. Aikin ya bar hannun makanike ke nan, ya koma hannun mai haɗa wayoyi, kuma a nan nake da magana.

Haɗin da ke daidai ba shi da wuya. Ana ɗauko wuta daga layin da ba ya kawowa sai an murɗa makulli, wanda Jamusawa suka sa wa lamba 15, ba daga lamba 30 da ke zuwa kai tsaye daga batir ba. Fis ya zauna kusa da inda aka ɗauko wutar, don in waya ta goge a jikin shasi, shi zai ƙone ya bar motar. Daga nan sai maɓalli, sai rele mai ƙafafu 85 da 86 da 30 da 87, sai bawul. Bayan waɗannan akwai wayoyi biyu. Ɗaya tana zuwa daga ɗan makunnin da ke jikin priz ɗin, ta kunna fitila a gaban direba don ya san haƙori ya shiga. Ɗayar tana bi ta makunnin birkin hannu, ta yadda in ba a ja birkin ba, rele ba zai amsa ba. Duka aikin bai kai yini guda ba.

To, waɗannan biyun na ƙarshe su ake fara yankewa, don ba su ne ke ɗaga bodi ba. Mota za ta juye yashinta lafiya lau ba tare da su ba, kuma mai mota abin da idonsa ya gani yake biya. Na sha jin cinikin a bakin gareji.

"Alhaji, akwai rele da makunnin birki da ya kamata a sake."

"In ba a sa ba, ba za ta ɗaga ba?"

"Za ta ɗaga, amma..."

"To haɗa mini kai tsaye, Malam, aiki na jirana."

Sai a jawo waya daga kan batir, a murɗe ta da wata da hannu, a naɗe da baƙin tef. Tef ɗin nan kuwa bai san zafin Afrilu da Mayu a Arewa ba, lokacin da rana ke haura digiri 40, ga kuma zafin salansa a gefensa. Gam ɗinsa ya narke, ya warware. Hanyoyin marmara da ke shiga ƙauyuka, masu kunya-kunya kamar gona, su ƙarasa sauran aikin da girgiza.

Abin da ke biyo baya kowa a tasha ya san shi. Direba ya juye kaya a gajiye, ya manta bai cire priz ba, ba fitilar da za ta tuna masa. Ya hau kwalta, hanyar RN1, ya nufi Kore Mairuwa da gudu. Famfon da aka ƙera don ya juya a hankali mota tana tsaye, yanzu yana juyi da saurin inji. Mai ya yi zafi, robobi su saki, famfon ya ci kansa. Kuɗin sabo ya ninka na rele sau da yawa, ga shi tun da iyakar Benin ta rufu a 2023 kayan gyara ba su ƙara sauƙi ba. Wannan ma asarar dukiya ce. Mafi muni shi ne in sandar ɗagawa ta motsa, bodi ya riƙa tashi a hankali a bayan direba bai sani ba, har ya kai ga wayoyin lantarkin da suka ratsa titi.

Direbobi suna da tasu hujjar, kuma ba ta banza ba ce. Sun ce mai baza marmara a kan hanya dole ya riƙa matsawa gaba bodi yana sama, in ka ɗaure priz da birkin hannu ka hana shi aiki. Gaskiya ne a rabi. Da zarar bodi ya hau, man da ke cikin jak yana nan a tsare, ba ya buƙatar famfo ya ci gaba da juyi. Ka ɗaga kana tsaye, ka cire priz, ka saki birki, ka ja a hankali. In kana son ƙarin tsawo ka sake tsayawa. Abin yana cin 'yan mintoci, kuma na yarda mai yin sawu goma a rana yana jin zafin mintocin nan. Sai dai tafiya da bodi yana ci gaba da hawa a kan yashin Dallol Mauri mai laushi, inda taya ɗaya kan nutse ba zato, ita ce hanya mafi kusa ta kayar da mota a gefenta.

Bari in ɗan ratse, tunda ana maganar wuta. Manyan motocin Turai volt 24 suke amfani da shi, batir biyu masu 12 a jere. Sai ka ga an samo bawul ko rele na ƙaramar mota mai volt 12, an ɗauko masa wuta daga tsakiyar batiran. Zai yi aiki. Amma batir ɗaya ne ke ɗaukar nauyin, ya riƙa ramewa, ɗan'uwansa kuma caji ya yi masa yawa, bayan 'yan watanni a zargi mai sayar da batir. Haka ma wayar mas mai mayar da wuta zuwa batir, wadda a Marsandi launin ƙasa gare ta: a ɗaura ta a kan fenti ko tsatsa, rele ya riƙa ƙyas-ƙyas, a ce aljanu sun shiga mota. A kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, a ɗaure da noti, a shafa giris.

Mai mota ba sai ya iya karanta zanen wayoyi ba kafin ya karɓi aiki. Ya zauna a kujerar direba, iska ta cika, ya saki birkin hannu ƙafarsa tana kan birki, ya danna maɓalli: bai kamata komai ya shiga ba. Ya ja birkin, ya taka kuloci, ya sake dannawa: fitila ta kama. Ya kashe makulli: priz ya fita da kansa. Sannan ya sa a nuna masa fis ɗin da yatsa, ya zare shi ya ga ko maɓallin ya mutu. In bai mutu ba, akwai wata wayar da ba a gaya masa ba.